Na'urar da Ta Nemi Sunan Ɗan Farina

Ɗan farina ya ba hamsin baya, furfura ta cika masa gemu, in ya shiga ofis yara miƙewa suke yi suna "oga, oga", amma ni ban taɓa duban fuskarsa na kira shi da sunansa ba. In ina magana da ƙannensa, "yayanku" nake cewa. In da shi nake, "kai" ta wadatar. Haka mata suke yi da ɗan fari a garinmu, haka na tarar da mahaifiyata tana yi da babban wanmu har ta koma ga Allah. Kunya muke kiran abin, kuma ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Ranar da aka raɗa masa suna ina ɗakin mahaifiyata ina jego, na jiyo ana shelar sunan a ƙofar gida, sai na ja mayafi na rufe fuska. Tun daga ranar sunan ya yi mini nauyi a baki.

Boko bai raba ni da wannan ba. Na yi karatu har na gaji, na yi aiki a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja har na yi ritaya, na tsaya gaban manya na yi Turanci muryata ba ta yi rawa ba. Amma ranar da na kai shi makaranta, da malami ya tambayi sunan yaro, biro na karɓa na rubuta masa. Marigayi maigidana yakan zolaye ni, ya ce in aka sace yaron nan sai dai na bi titi ina "kai, kai". Ban taɓa kula shi ba. Yaron ma da yake a hannun kakarsa ya yi wayo, ita yake kira Mama, ni kuma Hajiya. Ƙannensa ne suka zo daga baya suka mayar da ni Mama, shi bai canza ba.

Gidana yana kan hanyar Bwari, kusa da Ushafa. Ni da maigidana muka gina shi, a ciki ya rasu, a ciki nake zaune ni kaɗai tun da auta ta yi aure. Ina da zogale da rama a bayan ɗaki, da kaji marasa jin magana, da randar ƙasa da na saya a hannun matan Ushafa, wadda ruwanta ya fi na firiji daɗi ko wa zai yi musu. Ina kuma da maƙwabciya, Kirista ce 'yar Filato mai shagon kayan masarufi, mijinta yana aiki a wani kamfani a Idu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma in na yi tari mai ƙarfi tana ji.

Ita ce ta tsince ni ranar da santsin tayil ya kwashe ni a banɗaki. Ban karye ba, amma ƙuguna ya ƙi ɗaukata, wayata kuma tana can kan gado. Na daɗe a kwance ina kiran Allah ina kiran maƙwabciya, har ta dawo daga kasuwa ta jiyo ni. Da aka sallamo ni daga asibiti, ɗan farina ya zaunar da ni a falona kamar shi ya haife ni, ya ce zaman kaɗaici ya ƙare, in haɗa kaya in koma gidansa a cikin gari.

Na san gidan nasa. Yana cikin irin rukunin gidajen nan da baƙo ba ya shiga sai maigadi ya buga waya an ce a bar shi. Ba a kiwon kaza, ba a shanya a waje, maƙwabci ba ya sanin maƙwabci sai ta lambar mota. Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ni da abin faɗa a kanta, amma na san in na shiga gidan nan zama zan yi a gaban talabijin ana kawo mini abinci a faranti har ranar da za a fitar da ni. Na ce masa ba inda zan je. Ya yi magiya, ya kawo ayoyi, ya kawo maganar likita, na yi kunnen uwar shegu da shi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi da kwali. Ya fito da wata 'yar na'ura baƙa, girmanta bai wuce gwangwanin madara ba, ya jona ta a falo, ya jona wata a ɗakina. Ya ce lasifika ce mai jin magana. Ana kiran sunanta, wani suna na Turawa, sai ta kunna 'yar fitila a kanta ta saurara, a gaya mata abin da ake so ta yi. Ya ce in na yarda da ita zai bar ni a gidana, domin ko faɗuwa na sake yi, daga kwance zan ce ta kira shi ta kira.

Ban so na yaba ba, amma gaskiya abin ya burge ni. Ya ce ta kunna fitila, ta kunna. Ya tambaye ta ko za a yi ruwa, ta ce da yamma. Ya ce ta sa karatun Alƙur'ani, sai ga ƙira'a ta cika falo. Turanci kaɗai take ji, wannan kuwa bai dame ni ba, da shi na ci abinci. Na gwada ta da kaina, ta amsa mini da ladabi. Har na fara murmushi.

Sai ya ce, "To Hajiya, saura babban. Ki ce ta kira ni."

Na ce, "In ce mata me?"

"Ki faɗi sunana kawai. Da sunan da aka ajiye lamba take aiki."

Na dube shi, ya kawar da kai yana gyara waya a jikin soket. Na ce wa na'urar da Turanci ta kira ɗana. Ta ce wanne daga ciki. Na ce babban. Ta ce ba ta san wani mai wannan suna ba. Ya tsaya ya harɗe hannu yana jira, ni kuma na miƙe na ce zan duba tukunya.

Daga nan muka sa zare. Ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: ya ga na kira shi da na'urar nan da bakina kafin watan azumi ya kama, in ba haka ba mota zai turo a kwashe kayana. Na ce ya mayar da sunan ya zama Yaya, kowa ya huta. Ya ce na'urar ba ta karɓar irin wannan. Ƙarya yake yi, kuma ya san na sani, domin a gabana ya sa lambar maƙwabciyata da sunan aikinta na mai shago, na kuma kira ta da shi ta ɗauka. Da na tuna masa, sai ya ce maƙwabciya ba kullum take gida ba, tana zuwa coci, tana zuwa sari. Na ce ba maganar da muke yi ke nan ba. Ya ce, "Hajiya, ni ba ni da suna ne?" Ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Maƙwabciyata ba ta ga abin rigima a ciki ba. Ta shigo da yamma ta zauna tana gyara mini zogale, ta ce, "Mama, wannan yaro naki tana son ki fa. Ki kira sunan mana, menene a ciki? Ni first born nawa in ya yi laifi, sunan shi complete nake kira, har da na baptism, duk layi suna ji."

Na ce, "Ke da naki, ni da nawa."

Ta yi dariya har tana dukan cinya, ta kira sunansa da ƙarfi don ta tsokane ni, na'urar kuwa ko motsi ba ta yi ba tunda ba a fara kiran nata sunan ba. Na ce ta bar mini gida in ta gama.

A makonnin da suka biyo baya ni da na'urar muka saba, ba zan ɓoye ba. Idona ya fara yana, rubutun waya sai na kai shi kusa da hanci, ita kuwa sai ta karanta mini labarai ina tsinke ganye. Tana tuna mini maganin hawan jini, abin da 'ya'yana duka suka kasa yi a kan lokaci. In na farka da asuba ba sai na lalubi bango ba, daga kan gado nake cewa a kunna fitila. Gidan da ya yi shiru tun rasuwar maigidana ya samu wata murya, ko da ta roba ce.

Amma tana da halinta. In aka ɗauke wuta ko intanet ya tafi, sai ta zama gwangwani kawai. Ba ta amsa sallama. Na yi mata ranar farko bisa sabo, ta yi shiru, na ji kamar an mare ni. Ba ta gaisuwa, ba ta tambayar kwanan mutum, a ba ta umarni kawai ta yi, har na fara tsoron kada bakina ya saba da magana babu "don Allah". Wani lokaci ina hira da baƙi sai ta tsoma baki ba a kira ta ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanin cewa akwai kunne a ɗakina wanda ba ya barci. Na tambayi ɗan farina ina maganar take zuwa in na yi, ya ce wajen kamfani, amma ba mai saurare. Na ce to in ba mai saurare, wa ke amsawa? Ya ce ba zan gane ba. Mutumin da na koya wa riƙe cokali.

Kowace Asabar sai ya zo, ya ci tuwona, ya sha ruwan randar da yake cewa ba ta da tsafta, sannan ya nuna na'urar da haɓa. Ni kuma in ce miyar ta yi gishiri ko ba ta yi ba. Azumi yana matsowa, kuma na san yaron, taurin kansa nawa ne ya ɗauko. Na fara duban kajina ina tunanin wa zan bar wa su. Wata rana na rufe ƙofa, na tsaya gaban na'urar ni kaɗai, na kira ta, fitilarta ta kawo tana jira. Na buɗe baki. Na ji haushin kaina ya taso mini, tsohuwa da ni ina tsaye gaban gwangwani zan miƙa masa abin da ban ba mijina ba. Na ce mata ta gaya mini ƙarfe nawa.

Akwai wuri ɗaya tak da nake kiran sunan nan, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba. In na idar da salla na ɗaga hannu, da shi nake farawa. A gaban Allah babu kunya, Shi Ya ba ni shi. Nakan kira sunan cikakke, in roƙa masa lafiya da tsari daga dukiyar haram, domin na san irin kujerar da yake kai, in roƙa masa cikawa da imani. Sannan in bi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya. Tun yana cikin zanen goyo nake yin haka.

Wata Laraba da la'asar na bar wayata a kicin, ashe ɗan farina yana ta kira ban ji ba. Ina kan sallaya a ɗaki, na ba na'urar baya, sai na ji ta yi 'yar ƙara sau ɗaya. Na ɗauka tunin magani ne, na ci gaba da sallata. Na yi sallama, na ja carbi, na ɗaga hannu. Ranar kuwa raina a jagule yake, don haka na daɗe a kansa. Na kira sunansa ba sau ɗaya ba, na ce Ya Allah Ka sanyaya zuciyar yaron nan, Ka sa ya bar ni in mutu a ɗakin da ubansa ya mutu, Ka kuma sa ya san ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda nake son sa ba. Na shafa.

Sai na ji ana jan hanci a bayana. Na juya, ba kowa a ɗakin, fitilar na'urar ce kawai a kunne. Daga cikinta muryarsa ta fito, a shaƙe, ta ce, "Mama."

Na rarrafa da ƙugun nan nawa mai ciwo na fizge wayarta daga bango, na je falo na fizge ɗayar. Fushi ne ya taso mini irin wanda na daɗe ban yi ba. Na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa. Daga baya na gane akwai wata ƙofa a jikin na'urar da ya bar wa kansa, wadda daga wayarsa zai iya buɗe ta ya ji abin da ake yi a ɗaki ba tare da an amsa masa ba. Bai taɓa gaya mini ba.

Kafin magariba ya iso, duk da cunkoson hanyar nan, da kayan ofis a jikinsa. Ya yi sallama a ƙofar falo. Na bar shi a tsaye har ya maimaita, sannan na amsa. Na'urorin biyu suna cikin kwalinsu a kan tebur, na ɗaure da igiyar shanya.

Na ce, "Yau sau biyu ka shigo gidan nan. Na farkon wa ya ba ka izini?"

"Hajiya, na yi ta kira ba ki ɗauka ba. Na ɗauka faɗuwa kika sake yi."

"Da ka ji ina salla, ka san ban faɗi ba. Me ya hana ka fita?"

Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da rabonsa da yi tun yana sakandare. Idanunsa sun yi ja. Ya ce ya so ya kashe, hannunsa ne ya ƙi. Ya ce tun yana yaro yake jin ina kiran ƙannensa, wannan in ya yi ɓarna, wancan in za a aike shi, har kajin gidan nan akwai waɗanda na raɗa wa suna, shi kuwa "kai". Ya ce ya san al'ada ce, an gaya masa, ya ma yi wa abokansa bayani da bakinsa, amma sani daban, abin da yaro yake ji in ya kwanta daban. Ya ce akwai lokacin da ya ɗauka wani laifi ya yi mini tun bai yi wayo ba.

Maganar ta soke ni har cikin ƙirji, kuma na tausaya masa ƙwarai. Na so na dafa kansa. Amma tausayi bai wanke abin da ya yi ba, kuma ban ga laifin da na yi da zan nemi gafara ba. Na ce masa na ji. Na ce mahaifiyata ba ta taɓa kiran babban wanmu ba, amma da ya kwanta ciwo ita ce ta daina cin abinci. Na ce abin da ya ji ɗazu ba da shi nake ba, ba kuma da kamfanin Turawa nake ba, magana ce tsakanina da Ubangijina, shi kuma laɓe ya yi. Na tura masa kwalin da ƙafa, na ce ya ɗauki kayansa. In ya ga dama ya turo motar gobe, direban zai tarar da ni a zaune a kan randata, sai dai ya ɗauke mu tare.

Ya dubi kwalin, ya dube ni, sai dariya ta kuɓuce masa hawaye na zuba. Ya kwance igiyar. A gabana ya buɗe wayarsa ya rufe ƙofar nan ta laɓe, na sa ya kira maƙwabciyata ta shigo ta duba mini, domin idona ba ya gani kuma a ranar ban yarda da shi ba. Ta duba ta ce, "Mama, ya kashe, na gani da ido na." Sannan ya goge sunansa daga cikin na'urar ya rubuta Yaya. Ashe tana karɓa. Ya jona ta falo, na ce ta kira Yaya, wayarsa ta yi ƙara a aljihunsa. Maganar mota ba ta sake tasowa ba.

Ta ɗaki kuwa na yarda a mayar, saboda ƙuguna, amma da nawa sharaɗin. In zan yi salla sai na zare ta daga bango, in na shafa addu'a in mayar. Ya rantse mini ya rufe, na kuma yarda da rantsuwarsa, amma kamfanin bai rantse mini ba. Na yi azumina a gidana, na'urar tana tashe ni sahur, maƙwabciyata tana miƙo mini ƙanƙara ta katanga.

Da "Hajiya" ya ci gaba da kira na, Mamar nan sau ɗaya ce ta fita daga bakinsa. Sai dai ya tsiro da wani sabon hali. Kusan kullum bayan la'asar sai wayata ta yi ƙara, in ji shi daga ofis yana tambaya ko na yi salla. In ce na yi. Ya tambayi ƙugu, ya tambayi kaji, ya yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure. Can sai ya sassauta murya, wannan ƙaton mai furfura, ya ce, "Hajiya, yau ma an ambace ni?"

In ce, "Kai, je ka tambayi Wanda na gaya wa."